Gari Ya Tashi, Coci Ya Zauna: Nazarin Gundumar Snargate a Fadamar Romney

A watan Satumba na shekarar 1823, wani ɗan jarida kuma manomi mai suna William Cobbett, wanda ya yi ƙaurin suna wajen caccakar gwamnatin zamaninsa, ya ratsa fadamar Romney da ke kudu maso gabashin Ingila a kan doki. Bayan tafiyar mil 3 daga garin Appledore ya iso Snargate, ya ƙirga gidajen ƙauyen ya same su biyar, sannan ya dubi cocin da ke tsaye kusa da su ya rubuta cewa zai ɗauki mutum 2,000. Akwai ƙarin gishiri a wannan adadi, domin ko an yi cinkoson ranar kasuwa ginin ba zai ci rabin haka ba, amma abin da ya ɗaure masa kai yana nan har yau. Me ya kawo babban ginin dutse a wurin da mutanensa ba su kai su cika sahu biyu ba? Cobbett ya ba kansa amsa cewa Ingila ta dā ta fi ta zamaninsa yawan jama'a, kuma da irin wannan hujja yake ƙaryata ƙidayar da gwamnati ta fara yi tun 1801. Wannan nazari ya bi tarihin gundumar ne domin nuna cewa amsar tasa ta kama gefen gaskiya kawai, ta saki tsakiyarta.

Sai an fara fahimtar abin da ake nufi da gundumar coci a Ingila, wadda su suke ce wa farish, kafin sauran bayanin ya zauna. Tun kafin ƙarni na 13 an riga an yanka kusan dukkan ƙasar zuwa ƙananan gundumomi, kowace da cocinta da limaminta da iyakarta, kuma duk gonar da ta faɗo cikin iyakar tana biyan ushiri, wato kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona da na dabbobi, ga limamin wannan coci ko ga wanda ke riƙe da haƙƙin limancin. A hankali gwamnati ta riƙa ɗora wa gundumar ayyukan da ba na ibada ba. A 1538 aka umarci kowane coci ya buɗe littafin rubuta baftisma da aure da jana'iza, a 1601 aka ɗora mata kula da matalauta, sai a 1894 aka raba gari, aka kafa majalisun gunduma na farar hula dabam da na coci. Ke nan gundumar ta fi kama da ƙasar dagaci mai littafin haraji fiye da taron masu ibada kawai, kuma abin da ke riƙe da ita fili ne, ko da mutane a kansa ko babu.

Gundumar Snargate ta yau tana cikin lardin Kent, ƙarƙashin ƙaramar hukumar Folkestone da Hythe, kuma a tsarin addini tana cikin dayosis ɗin Canterbury, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin babban bishop na can. Asalinta gundumomi biyu ne. Fairfield, wadda ke 'yan kilomitoci kudu maso yamma, ta kasance mai cin gashin kanta har 1934 lokacin da aka haɗe ta da Snargate a tsarin gundumomin farar hula saboda ƙarancin jama'a. Abin da ake kira ƙauye a Snargate 'yan gidaje ne a bakin hanya da cocin Saint Dunstan, wanda aka gina wajen shekarar 1200 da sunan wani babban bishop na Canterbury da ya rasu a 988. A Fairfield kuwa ko wannan ɗin babu. Gidajen gona ne a warwatse, kowane da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa, sai cocin Saint Thomas Becket tsaye shi kaɗai a tsakiyar makiyaya, babu bishiya kusa da shi, babu duwatsun kabari, sai ramukan ruwa da tumaki.

Ƙasar da waɗannan gine-gine ke kai ba Allah-ba-ku-mu-samu ba ce, ƙwato ta aka yi daga bakin teku. Fadamar Romney gaba ɗaya ta kai kimanin murabba'in mil 100, kuma yawancinta tana ƙasa da inda ruwan teku ke kaiwa idan ya yi toroƙo, shi ya sa rayuwar wurin ta dogara kan jinga da magudanan ruwa. A ƙarni na 13 aka haƙa wata doguwar hanyar ruwa tsakanin jinga biyu, daga Appledore zuwa New Romney, tsawon mil 7 da rabi, domin a riƙa koro ruwa yana wanke laka daga tashar jiragen New Romney. Ana kiranta Rhee, kuma ɗaya daga cikin ƙofofin da ke tare ruwanta a Snargate take, har ana danganta sunan ƙauyen da wannan ƙofa. Wato Snargate ta samu gindin zama ne a lokacin da take kan hanyar ruwa mai muhimmanci. Fairfield tana ɗaya ɓangaren jingar, a yankin da ake kira fadamar Walland, inda manyan gidajen ibada na Canterbury, masu filaye da kuɗi da haƙurin jira, suka riƙa kewaye laka da jinga yanki bayan yanki har ta bushe ta zama gona.

A nan ne lissafin Cobbett ya fara karkacewa. Ƙasar da aka ƙwato daga teku tana da albarka ƙwarai, kuma waɗanda suka mallake ta manya ne: babban bishop, gidajen sufaye, da attajiran garuruwan bakin teku. Girman coci a irin wannan wuri yana auna arzikin ƙasar da alfaharin mai ita fiye da yadda yake auna yawan masu zuwa ibada. Ban da haka, ginin ba don zama a jere a saurari wa'azi kaɗai aka yi shi ba, domin a wancan zamani babu ma kujeru a ciki, kuma ana bukatar fili don zagayen bukukuwa, da ƙananan bagadai a gefe, da taron jama'ar gunduma, kasancewar shi ne kaɗai ginin dutse mai rufin kirki da ke kan tudu a wurin da ruwa ke mamayewa duk hunturu. Wanda ya ƙirga benci ya ce ga yawan mutanen dā, ya yi kamar wanda ya auna faɗin filin Idi ya ce ga yawan masu sallar Asuba a unguwar.

Sai dai gefen gaskiyar da Cobbett ya kama shi ma gaskiya ne, domin mutane sun ragu, kuma ba abu ɗaya ya rage su ba. A watan Fabrairu na 1287 wata gagarumar guguwar teku ta afka wa gaɓar, ta cika tashar New Romney da laka da tsakuwa, ta sauya wa kogin Rother hanya ya koma yana faɗawa teku ta Rye. Har yau wanda zai shiga cocin Saint Nicholas a New Romney sai ya sauka matakala, saboda ƙasar garin ta ɗaga ta bar daɓen cocin a ƙasa. Hanyar ruwan Rhee ta ci gaba da aiki na wani lokaci, amma daga baya ta cushe ta bushe, kuma da ita amfanin ƙofar ruwan Snargate ya tafi. Kimanin shekara 60 bayan guguwar sai annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen ƙasar. Da hannun aiki ya yi tsada, masu filaye suka ga kiwo ya fi noma riba, tunda gonar hatsi tana bukatar iyalai da yawa amma garken tumaki mutum ɗaya da karensa sun ishe shi. Ƙananan gonaki suka narke cikin manyan makiyaya, masu su suka koma zama a garuruwan kan tudu, suka bar makiyayan haya suna duba musu dabbobi. Irin waɗannan makiyaya suna da 'yan ɗakunan jan bulo masu murhu a tsakiyar fili inda suke kwana lokacin haihuwar tumaki, kuma kaɗan daga cikin ɗakunan suna nan har yanzu. Tunkiyar Romney ta yi suna har aka kai irinta New Zealand a tsakiyar ƙarni na 19, amma sunan da ta yi bai ƙara wa Fairfield ko gida ɗaya ba.

Abu na uku shi ne wanda mai karatu a ƙasar Hausa zai gane tun kafin a gama faɗa, wato zazzaɓin cizon sauro. Mutane da yawa suna ɗauka cutar ƙasashen zafi ce kaɗai, alhali daga ƙarni na 16 zuwa na 19 ta addabi fadamun gaɓar Kent da Essex, inda wani nau'in sauro mai son ruwa mai ɗan gishiri ke hayayyafa a ramukan da ba sa gudu. Mutanen wurin suna kiranta zazzaɓin fadama, suna ɗora laifin kan mugun tururin da ke tashi daga ruwa, domin sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da hannun sauro a ciki. Littattafan cocin da aka fara rubutawa tun 1538 su ne suka zama shaida daga baya, saboda masana tarihi da suka bi su sun ga cewa a gundumomin fadama jana'iza takan fi baftisma yawa shekara bayan shekara, kuma baƙin da ke zuwa neman aiki ne ke cike giɓin. Duk mai halin zama wani wuri ya zauna wani wuri, har da limaman. Richard Barham, wanda aka ba limancin Snargate a 1817, a Warehorne ya zauna, can bakin tudu, yana gangarowa idan aiki ya kira. Sauƙi ya fara samuwa ne bayan an haƙa babbar hanyar ruwa ta soja tsakanin 1804 da 1809, mai tsawon mil 28, wadda aka yi don tare sojojin Napoleon da ba su taɓa zuwa ba amma ta taimaka wajen janye ruwan fadamar, sannan maganin kwinin ya yi araha.

Wurin da babu idon hukuma kuma ga Faransa a tsallaken ruwa, ba abin mamaki ba ne ya zama matattarar 'yan fasa-ƙwauri. Daga ƙarni na 17 har farkon na 19 doka ta hana fitar da ulu daga Ingila, sai aka riƙa tsallakar da shi da dare ana dawowa da taba da shayi da barasa. A bangon arewa na cocin Snargate, daidai inda ido ke sauka idan an shigo, akwai zanen jirgin ruwa mai launin jar ƙasa wanda ake kimanta shekarunsa zuwa wajen 1500, kuma mutanen yankin suna cewa alama ce ga masu fasa-ƙwauri cewa nan wurin ajiya ne. Labarin yana da daɗin ji, amma zanen ya girmi zamanin da sana'ar ta bunƙasa, don haka ya fi kyau a ɗauke shi a matsayin abin da aka liƙa masa daga baya.

Hujja mafi ƙarfi cewa gunduma fili ce kafin ta zama jama'a tana cikin majami'un da suka rushe. A Midley, abin da ya rage bango ɗaya ne mai baka a tsakiyar gona. A Eastbridge da Hope 'yan kangaye ne, a Orgarswick da Blackmanstone kuwa ko kangon babu. Duk da haka an ci gaba da naɗa limamai ga irin waɗannan kufai ƙarni bayan ƙarni, domin ushirin makiyayan bai daina fitowa ba ko da rufin cocin ya faɗi. Mutum zai karɓi limancin wurin da babu bagade, babu ƙofa, babu mai ibada, ya riƙa cin kuɗinsa daga nesa. Tambayar da ta fi dacewa ke nan ita ce me ya sa Fairfield bai bi sahunsu ba, tunda shi ma ƙauyensa ya watse, kuma gininsa ya fi nasu rauni.

Ya fi nasu rauni domin ba da dutse aka gina shi ba. Asalinsa firam ne na katako da aka cike tsakaninsa da sanduna da yaɓe, irin ginin da ake yi da niyyar wucin gadi, kuma sai a ƙarni na 18 aka lulluɓe shi da jan bulo. Almarar wurin tana cewa wani babban bishop ne ya faɗa ramin ruwa, ya roƙi Thomas Becket, wani manomi ya ciro shi, shi kuma ya gina cocin don godiya. Becket dai shi ne babban bishop ɗin da jaruman Sarki Henry na Biyu suka kashe a cikin babban cocin Canterbury a 1170, kuma ko da Henry na Takwas ya rushe hubbarensa a 1538 ya hana girmama shi, sunansa yana kan wannan ɗan coci har yau. Kafin 1913, idan ruwan hunturu ya kwanta, da kwalekwale ake zuwa ibada.

Wanda ya shiga ciki zai ga ɗaki ƙarami wanda manyan azarori suka gitta ƙasa-ƙasa, har dogon mutum yana jin kamar ya sunkuya. Kujerun ba benci ba ne a buɗe, akwatuna ne na katako masu ƙofa, an shafe su da farin fenti an ja baƙin layi a gefunansu, kowane iyali da nasa, kuma bangon akwatin yana tare iskar da ke shigowa daga fili. Mumbarin hawa uku ne: magatakarda a ƙasa yana amsa addu'a, limami a tsakiya yana karatu, sannan ya hau na sama idan zai yi wa'azi. A jikin katakan rufin an rataye alluna masu ayoyin Littafi Mai Tsarki. Kwanon baftisman dutse ne mai kusurwa bakwai, abin da ba kasafai ake gani ba. Tsarin kujerun da mumbarin na ƙarni na 18 ne, kuma ya tsira ne saboda talauci, domin a zamanin Sarauniya Victoria, lokacin da gundumomi masu kuɗi suka riƙa tumɓuke irin waɗannan akwatuna suna zuba sabbin benci, Fairfield ba ta da mai biyan kuɗin gyaran zamani.

Zuwa farkon ƙarni na 20 ginin ya kusa durƙushewa. Tsakanin 1912 da 1913 masanin gine-gine W. D. Caröe ya kwance shi kusan gaba ɗaya ya sake tayar da shi, yana mayar da duk katakon da ke da sauran ƙarfi a mazauninsa, aka kuma yi ɗagaggiyar hanya daga titi zuwa ƙofar. Akwai masu cewa abin da ake gani yau ginin 1913 ne sanye da tsofaffin kaya, don haka kiransa cocin ƙarni na 13 yaudara ce. A ganina wannan suka ba ta yi la'akari da irin kayan ginin ba. Wanda ya san ginin ƙasa ya san cewa soron da aka shekara ɗari ana yi masa yaɓe kafin kowace damina ba ƙasar farko ce a jikinsa ba, amma babu mai cewa ba soron kakansa ba ne. Ginin katako a cikin danshi haka yake, ko dai a riƙa sauya abin da ya ruɓe ko a rasa shi ɗungurungum, kuma Midley na nan a matsayin misalin zaɓi na biyu.

Abin da ya fi wahala shi ne wanda zai biya. A tsarin dā, mai cin ushiri ne ke gyara ɓangaren bagade, jama'ar gunduma kuma su gyara sauran ginin da harajin da ake yanka musu. A 1836 aka mayar da ushiri kuɗi maimakon amfanin gona, a 1868 aka soke tilascin harajin gyaran coci, a 1936 kuma aka kawo ƙarshen tsarin ushirin. Da haka igiyar da ta ɗaure arzikin makiyayan da bangon cocin ta tsinke. Mutane da yawa suna zaton tunda Cocin Ingila na hukuma ne, gwamnati ke kula da gine-ginensa, amma ba haka ba ne. Nauyin kowane coci yana kan majalisar masu ibadarsa, kuma doka ta tilasta a kawo masani ya duba ginin duk shekara 5, sannan ba a taɓa ko ƙusa a ginin tarihi sai da izinin kotun dayosis. A gundumar da masu zuwa ibada ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma yawancinsu dattawa, rahoton da ya ce rufi na bukatar dubban fam daidai yake da hukuncin rufe ƙofa.

Wannan ne ya sa a 1982 aka kafa wata gidauniya ta musamman domin tsofaffin majami'un fadamar Romney, wadda ke tallafa wa guda 14 da suka rage a tsaye da kuma kangayen da ba su gama faɗuwa ba. Dabararta ita ce ta ɗauki fadamar a matsayin abu ɗaya maimakon kowace gunduma ta ji da kanta, ta tara kuɗi daga mambobi da wasiyyoyi da baƙi waɗanda yawancinsu ba a yankin suke zaune ba, wasunsu ma ba masu zuwa coci ba ne. Cocin Snave, a gundumar Brenzett da ke maƙwabtaka, an daina ibadar yau da kullum a cikinsa, gidauniyar ce ke riƙe da shi, ana buɗe shi don bikin godiyar girbi sau ɗaya a shekara. A Brookland, mafi kusa da Fairfield, hasumiyar ƙararrawa ta katako tana tsaye a ƙasa gefen cocin maimakon a kansa, kuma bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ƙasar fadama ba za ta ɗauki nauyinta a saman bango ba. A can ma akwai kwanon baftisma na darma tun ƙarni na 12 mai zanen ayyukan gona na kowane wata.

Tsarin yana aiki, amma ya sauya ma'anar ginin, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Kuɗin da ya gina majami'un nan daga waje ya zo, daga Canterbury da attajiran gaɓa, kuma kuɗin da ke riƙe da su yau ma daga waje yake zuwa, sai dai na farko haƙƙi ne da doka ta ɗora wa ƙasa, na yanzu kuwa kyauta ce da ta dogara da sha'awar mai bayarwa. Cocin da ke da kyan hoto, irin Fairfield da masu shirya fina-finai da masu ɗaukar hoto ke so, ya fi samun masu tausaya masa fiye da babban gini mai sanyi irin na Snargate, alhali rufin Snargate ya fi faɗi kuma ya fi cin kuɗi. Limaman yankin suna raba kansu tsakanin majami'u da dama, don haka ibada a Fairfield jefi-jefi ake yi. Ga kuma tekun da aka ƙwaci ƙasar daga hannunsa, wanda ke ƙara tasowa, ta yadda makomar gine-ginen ta rataya kan jingar bakin teku da ke Dymchurch da injinan janye ruwa fiye da kan kowane kwamitin coci.

Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka nome babban ɓangare na fadamar aka koma shuka alkama da dankali, amma filayen da ke kewaye da Fairfield sun ci gaba da zama makiyaya. Baƙon da ya zo ya tarar da ƙofar a kulle yakan je wani gida da ke kusa ya ɗauko makullin, wani babban ƙarfe da ke cika tafin hannu, ya bi ta ƙofar shinge ya rufe ta a bayansa saboda tumaki, ya taka ɗagaggiyar hanyar 1913 har zuwa cocin, in ya gama ya mayar da makullin inda ya same shi.